Yadda ake bin salsalar gidajen sarautar Ingila ba tare da an haɗa kaka da jika ba

A takardun kammala karatu da ɗalibai ke rubutawa kan tarihin Gwandu, Argungu da Yawuri, akwai jimlar da ba a rasa ta: wai Lod Lugga ya ci Sakkwato a 1903. To ranar 15 ga Maris 1903, da sojojin Turawa suka shiga Sakkwato, babu wani Lod Lugga a duniya. Akwai dai Sa Frederick Lugard, ɗan wani limamin coci, haifaffen Madras ta ƙasar Indiya a 1858, wanda aka ba lambar Sa a 1901. Sarautar Lod sai a 1928 ya same ta, shekara tara bayan ya bar Najeriya. Wani zai ce ƙaramin kuskure ne. Ga mai bincike ba ƙarami ba ne, domin duk wanda ya je neman takardun 1903 da sunan da ba a raɗa ba tukuna, hannu Rabbana zai dawo.

Sarautar Turawan Ingila kamar alkyabbar gida take. Mutum ya sa, ya mutu, magajinsa ya ɗauka ya sa, sunanta bai canza ba. Shi kuma mutumin yana iya amsa suna uku ko huɗu tsakanin haihuwarsa da mutuwarsa. Saboda haka aikin duka ya rataya kan abu ɗaya: ka bi mutum, ka liƙa wa kowane sunansa shekarun da ya amsa shi.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai layi, fensir da abin gogewa, farin kwali babba guda biyu, da waya mai isasshen data. Kada ka fara da biro, za ka yi ta gyara. Kowane mutum ka ba shi shafi guda nasa, ka ja layi bakwai: cikakken sunan yanka da na gida, ranar haihuwa da wuri, uba da uwa da kakan wajen uwa, kowane suna ko sarauta da shekarun da ya riƙe, aure, muƙaman gwamnati da shekaru, mutuwa da wanda ya gaje shi. A gefen kowane layi ka rubuta inda ka samo, da shekarar bugun littafin da lambar shafi. Kwalin kuwa ka ajiye shi sai shafuka sun cika, sannan ka zana salsalar.

Manyan littattafan nasabar su uku ne. Akwai na Burke, da aka fara bugawa a 1826. Akwai na Debrett. Sai wanda masana suka fi amincewa da shi, The Complete Peerage, na G. E. Cokayne, wanda bugunsa na farko ya fito tsakanin 1887 da 1898, bugu na biyu da aka faɗaɗa kuma tsakanin 1910 da 1959. Tsofaffin bugu suna nan kyauta a Internet Archive. Fayil ɗin manya ne, sai ka sauke su da dare ko inda sabis ke da ƙarfi, ka ajiye a katin waya. Hoton shafuka ne aka ɗauka, don haka neman kalma a cikinsu yakan tsallake sunaye. Gara ka bi jerin haruffa da idonka. Ka kuma sani da sunan sarauta aka jera su, ba da sunan gida ba: dangin Cavendish suna ƙarƙashin Devonshire, dangin Lumley suna ƙarƙashin Scarbrough. Wannan na ƙarshe ka kula da rubutunsa, domin garin ana rubuta shi Scarborough, sarautar kuwa an cire mata harafi ɗaya, kuma na'ura ba ta yafe wannan.

Wa ke da sarauta, wa ke da lambar girma kawai

Matakan sarautar biyar ne daga sama zuwa ƙasa, kuma haka za ka gan su a rubuce: Duke, Marquess, Earl, Viscount, Baron. Huɗun ƙasa duk ana kiransu Lod a magana ta yau da kullum, na saman ne kaɗai ba a kiransa haka. Don haka in takarda ta ce Lod wane, ba ta faɗa maka matakinsa ba tukuna.

Sa kuwa ba ya cikin waɗannan biyar, kuma iri biyu ne. Akwai na gado, wanda Sarki James na Ɗaya ya ƙirƙiro a 1611, za ka gane shi da haruffan Bt a bayan suna. Akwai kuma na ƙashin kai, wanda ke mutuwa da mai shi. Wannan ne aka ba gwamnoni da manyan ma'aikatan mulkin mallaka, kuma shi aka ba shugabanninmu: Sarkin Gwandu Yahaya, wanda babban asibitin Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sardauna Ahmadu Bello a 1959, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. Shi ya sa Sarkin Musulmi Maccido ya hau gadon mahaifinsa amma ba a taɓa kiransa Sa ba. Haruffan bayan suna su ke nuna maka: CMG ko CBE ba sa kawo Sa, amma KCMG, GCMG da KBE suna kawowa. Kuma Sa da sunan yanka yake tafiya. Sa Ahmadu ake cewa, Sa Frederick ake cewa. Babu Sa Bello, babu Sa Lugard.

Daga 1958 aka samu doka ta ba da sarautar Baron ta iya rayuwa, wadda ɗa ba ya gada. Hugh Foot, wanda ya yi babban sakataren gwamnatin Najeriya daga 1947 zuwa 1950, irinta aka ba shi a 1964, ya koma Lod Caradon. In ka ga sarautar da aka bayar bayan 1964, ka fara ɗauka ta iya rayuwa ce har sai ka ga akasin haka, domin na gado da aka bayar daga lokacin 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Sai abin da ya fi ruɗa mu nan. Mun saba Sarkin Kudun Gusau ko Sarkin Zamfaran Anka sarauta ce mai ƙasa da talakawa. Sunan wurin da ke jikin sarautar Bature bai nuna yana mulkin wurin ba, bai ma nuna can yake zaune ba. Duke na Devonshire gidansa Chatsworth yana lardin Derbyshire. Sa Arthur Richards, mai tsarin mulkin 1946, da aka ba shi sarauta a 1947 ya zama Lod Milverton, kuma a cikakken laƙabin an ambaci Legas, alhali ba a ba shi ko taku ɗaya na ƙasar Legas ba.

Mutum ɗaya, suna uku

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ake faɗuwa. Mu ɗauki mutumin da hannunsa ke cikin shata iyakar yammacin Kebbi. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898, wadda ta bar Illo da Busa a ɓangaren Ingila ta ba Faransa Nikki, firaministan Ingila kuma ministan harkokin wajenta shi ne Lod Salisbury. A zamaninsa ne kuma aka karɓe mulki daga hannun kamfanin Neja, wato kamfanin kasuwancin Turawan Ingila mai suna Royal Niger Company, ranar 1 ga Janairu 1900.

Sunan gidansu Gascoyne-Cecil, sunan yankansa Robert, an haife shi a 1830. Ba shi ne babba ba, don haka a matsayin ƙaramin ɗan Marquess ana kiransa Lod Robert Cecil. Da wannan sunan ya shiga majalisar wakilai a 1853 daga mazaɓar Stamford. A 1865 wansa ya rasu, uban yana raye, sai ya zama magaji, ya ɗauki sunan Viscount Cranborne. Da shi ya yi ministan harkokin Indiya a 1866 zuwa 1867. A 1868 uban ya rasu, ya zama Marquess na Salisbury na uku, ya koma majalisar dattawa. Ya yi firaminista sau uku: 1885 zuwa 1886, 1886 zuwa 1892, 1895 zuwa 1902. Ya mutu a 1903. A shafinsa cikin littafinka layi na huɗu zai ɗauki suna uku, kowanne da shekarunsa.

Wancan suna na tsakiya shi ake kira sarautar aro. Manyan gidaje suna da sarautu da yawa a hannun mutum ɗaya, sai a ara wa ɗan fari ɗaya daga cikin ƙananan ya riƙa amsawa. A idon doka ba basarake ba ne, shi ya sa yake iya tsayawa zaɓe. Illar ita ce duk magajin gidan haka za a kira shi. Cranborne na 1866 da Cranborne da ya yi ministan ƙasashen mallaka a 1942 kaka ne da jikansa. Na biyun an haife shi a 1893, ya zama Marquess na biyar a 1947. Wanda ya rubuta sunan sarauta tsura ba shekara, ya haɗa su biyun ke nan.

Ka haddace wannan rabo, zai rage maka wahala. In ka ga Lod sai sunan yanka sai na gida, kamar Lod Randolph Churchill, ƙaramin ɗan Duke ne ko na Marquess, kuma 'ya'yansa ba sa samun komai. Shi ya sa ɗansa Winston, da aka haifa a 1874 cikin fadar Blenheim, jikan Duke na Marlborough na bakwai, ya tashi ba sarauta. In ka ga The Hon. a gaban suna, ɗan Viscount ne ko na Baron, ko ƙaramin ɗan Earl. Lady da sunan yanka 'yar Duke ce ko ta Marquess ko ta Earl. Lady da sunan gida ko na sarauta kawai galibi matar aure ce, kuma tana iya zama matar Sa. Flora Shaw ta zama Lady Lugard tun aurensu a 1902, shekara 26 kafin mijinta ya zama Lod. Wannan ma yana daga cikin abin da ke sa mutane su zaci ya daɗe da sarautar.

Karatun gajerun haruffa

Littattafan nasaba a dunƙule suke magana. Harafin b. haihuwa ce, m. aure, d. mutuwa, dau. 'ya mace, unm. bai yi aure ba, cr. shekarar da aka ƙirƙiri sarautar. Harafin s. ne mai hatsari, domin wani wuri yana nufin ɗa, wani wuri yana nufin ya gaji. In shekara ta biyo shi, gado ake nufi. Sai uku na Latin waɗanda su ke yanke hukuncin inda sarauta za ta nufa: dsp ya mutu ba ɗa ba jika, dspm ya mutu ba ɗa namiji, dvp ya mutu uban yana raye. A layin wan Salisbury abin da ke bayyana dalilin da ƙane ya gaji gidan shi ne mutuwarsa a 1865 bai yi aure ba, uban yana raye. A layin shi kansa Robert za ka ga harafin aure da 1857, sannan Georgina, 'yar alƙali Sa Edward Alderson.

Abu biyu game da yadda ake jera 'ya'ya. Ana fara lissafa maza duka, sannan mata, ko da macen ce ta fari, kuma tsofaffin bugu sukan bar shekarar haihuwar mata. Kada ka ɗauki jerin a matsayin jerin haihuwa. Sannan ana nuna zuriya da matsar da layi ciki: ɗa ya ɗan shiga ciki, jika ya ƙara shiga. A ƙaramin fuskar waya wannan tazara takan ɓace, jika ya koma kamar ƙanen ubansa. Ka buɗe hoton shafin sosai, ko ka kai a buga maka shi a takarda, ka ja layin fensir daga sama zuwa ƙasa a kan kowane mataki.

Yadda gadon ke tafiya

A Gwandu duk sarakuna daga tsatson Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suke, amma masu zaɓen sarki ne ke zama su duba. Ƙane kan gaji wa, ɗan wa kan gaji baffa, ana la'akari da ilimi da hali. A Ingila babu zaɓe, babu shawara. Numfashin mai sarauta na fita ta faɗa kan wanda takardar naɗin farko ta nuna, ko jariri ne. Yawancin takardun sun ce ɗa namiji na aure daga tsatson wanda aka fara ba sarautar, babba kafin ƙarami, kuma reshen babba sai ya ƙare kaf kafin a koma na ƙane. Ɗan riƙo ba ya gado, ɗan da aka haifa ba aure ba ya gado, kuma sau da yawa littattafan ba sa ma ambatonsa.

Daga nan kake gane dalilin abubuwa. Duke na Devonshire na takwas ya mutu a 1908 ba ɗa, sai ɗan ƙanensa Victor ya gaje shi, wanda ya yi ministan ƙasashen mallaka daga 1922 zuwa 1924. Lugga ya mutu a 1945 ba ɗa, kuma ko da yana da ƙane, Edward, wanda ya yi aiki tare da shi, sarautar ba ta je gare shi ba, domin shi ba tsatson Lugga ba ne. Nan ta mutu. Duk wanda ya ce maka shi magajin sarautar Lod Lugga ne, ka san inda za ka ajiye maganarsa.

Akwai inda mace ke gado, kuma dole ka nemi dalilin a kowane gida. Wani lokaci takardar naɗin ce ta yi tanadi na musamman, kamar ta Lod Mountbatten, wakilin sarkin Ingila na ƙarshe a Indiya kafin 'yancin kai, ta 1947, inda 'yarsa Patricia ta gaje shi a 1979. Wani lokaci majalisa ce ta yi doka: John Churchill ya zama Duke na Marlborough a 1702, ɗansa ya rasu a 1703, sai dokar 1706 ta buɗe wa mata hanya. 'Yarsa Henrietta ta gaje shi a 1722, sannan a 1733 sarautar ta koma ga Charles Spencer, ɗan 'yar'uwarta. A 1817 ne gidan ya nemi izinin sarki ya mai da sunansa Spencer-Churchill. Ke nan ta wajen maza Winston Churchill ɗan gidan Spencer ne, tushensu ɗaya da Gimbiya Diana. Tsofaffin sarautun Baron na zamanin da, waɗanda sammacin zuwa majalisa ya kafa, suna bin mata, amma in 'yan mata biyu ko fiye suka rage ba namiji, sai sarautar ta tsaya a rataye tsakaninsu, wani lokaci shekaru ɗaruruwa. Sarautun Sukotland da dama su ma suna bin mata. Ka bambanta kalmomi uku da za ka gani: extinct ta mutu, abeyant tana rataye tsakanin magada mata, dormant akwai yiwuwar magaji amma ba wanda ya tabbatar.

In sarauta ta mutu, sarki na iya ba wani gida dabam sunan, ƙidaya ta faro daga ɗaya. Don haka Earl na biyu bai isa shaida ba, ka rubuta har da shekarar da aka ƙirƙiri sarautar.

Bin sawun aikin gwamnati

Nasaba rabin aiki ce. Rabi na biyu shi ne me ya riƙe, yaushe. Madogara ta farko ita ce London Gazette, jaridar sanarwar gwamnati tun 1665, kuma ana bincikenta kyauta a intanet. Naɗin gwamna, ƙarin girman soja, lambar yabo, ƙirƙirar sarauta, duk a nan ake shelanta su. Ka sa cikakken sunan yanka da na gida, ka taƙaita shekarun zuwa biyu ko uku, in ba haka ba sakamako zai yi maka yawa. Lambobin girma yawanci sau biyu ake fitar da su a shekara, a sabuwar shekara da ranar bikin haihuwar sarki. Ranar da aka sanar za a ba mutum sarauta da ranar da aka hatimce takardar naɗin sukan bambanta da makonni. In littattafai biyu suka saɓa da wata ɗaya ko biyu, galibi wannan ne dalili. Ta takardar naɗin ita ce ranar sarauta.

Maganganun majalisa suna cikin Hansard daga 1803. Ka tuna kafin 1999 mai cikakkiyar sarauta ba ya zama a majalisar wakilai, don haka ranar da mutum ya gaji ubansa, sai ka bi shi majalisar dattawa da sabon suna. William Ormsby-Gore, wanda ya zagaya Afirka ta Yamma a 1926 yana ƙaramin minista, ya kuma yi ministan ƙasashen mallaka daga 1936 zuwa 1938, daga 1938 Lod Harlech ne. Ban da masu sarautar Ayaland, su suna iya tsayawa zaɓe: Lod Palmerston ya yi firaminista daga majalisar wakilai. Dokar 1963 ta ba da damar ajiye sarautar gado, kuma a shekarar Earl na Home na 14 ya ajiye tasa ya riƙe firaminista da sunan Sa Alec Douglas-Home. A 1999 aka fitar da masu sarautar gado daga majalisar dattawa, aka bar kujeru 92.

Ga ma'aikatan mulkin mallaka kuwa, Colonial Office List ne, wanda a lokacin ake bugawa duk shekara, da taƙaitaccen tarihin aikin kowane jami'i. Wasiƙun da ke tsakanin gwamna da Landan suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Ingila da ke Kew a Landan: jerin CO 446 na Arewacin Najeriya ne kafin haɗewar 1914, CO 583 na Najeriya bayan nan. Kundin sunayen fayil ɗin ana duba shi kyauta daga nan gida. Takardun Lugga na kansa suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Na Sa George Goldie, wanda ya kafa kamfanin Neja, kuwa kada ka ɓata lokaci, shi da kansa ya hallaka takardunsa.

Da ka jera waɗannan za ka ga wani tsari da ya cancanci a rubuta a kansa. 'Ya'yan manyan gidaje sun fi yawa a sama, a kujerun minista da shugabancin kamfani, ba a barikin lardi ba. Gwamnan farko na kamfanin Neja bayan samun takardar izinin 1886 shi ne Lod Aberdare, tsohon ministan cikin gida, kamfanin da wakilinsa Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a 1885 ya koma da takardun da suka kira yarjejeniya. Earl na Scarbrough na goma ya yi mataimakin gwamnan kamfanin, daga baya ya shugabance shi. Oliver Lyttelton, mai tsarin mulkin 1954, wanda ya zama Viscount Chandos a shekarar, ɗan Alfred Lyttelton ne, wanda ya riƙe wannan kujerar ta ministan ƙasashen mallaka daga 1903 zuwa 1905, shi kuma ɗan Baron Lyttelton na huɗu. Cikin gwamnoni, Sa Hugh Clifford, 1919 zuwa 1925, jikan Baron Clifford na Chudleigh na bakwai ne, amma Sa ɗinsa da aiki ya same shi, ba gado ba.

Kada ka tsallake layin aure

Ɗalibai sukan bi maza su bar mata, alhali a layin aure ake ganin yadda gidajen ke riƙe da juna. Wanda ya gaji Salisbury a kujerar firaminista a 1902, Arthur Balfour, ɗan 'yar'uwarsa ne. Ormsby-Gore 'yar Marquess na Salisbury na huɗu ya aura. Harold Macmillan, firaministan da Najeriya ta samu 'yanci a zamaninsa, ɗan gidan masu buga littattafai ne, amma a 1920 ya auri Dorothy, 'yar Duke na Devonshire na tara. Duk matar da ka gani, ka buɗe wa mahaifinta shafi. A kan kwali ka yi amfani da jan fensir wajen layin surukuta, baƙi wajen layin haihuwa, don kada su cakuɗe.

Inda ake zamewa

Kada ka rubuta komai a kwali sai majiya biyu masu zaman kansu sun dace. Shafukan intanet goma da suka kwafi juna majiya ɗaya ce. Tsofaffin bugun Burke sun karɓi abin da iyalai suka faɗa game da kakanninsu na nesa, kuma gidaje da yawa sun so a ce kakansu ya zo tare da mayaƙan Normandy da suka ci Ingila a 1066, har sai da masana irin su J. Horace Round suka bi takardu suka rushe da yawan waɗannan da'awowi. Daga wajen 1800 zuwa yau littattafan abin dogaro ne sosai. Kafin nan ka jingina ga Cokayne. Ga haihuwa, aure da mutuwa a Ingila da Wales akwai rajistar gwamnati daga 1 ga Yuli 1837, a Sukotland daga 1855, kuma daga 1858 akwai kundin rabon gado mai nuna ranar mutuwa, wuri, da ƙimar abin da mamaci ya bari.

Ka riƙa yin lissafi da kanka. Cire shekarar haihuwar uba daga ta ɗa. In tazarar ta gaza 15 ko uwar ta haura 50, akwai tsara guda da ta ɓace ko mutum biyu masu suna ɗaya, domin gidajen nan suna maimaita suna kamar yadda muke mai da sunan kaka. In bincikenka ya koma kafin 1752, akwai wani tarko: kafin shekarar, sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka Fabrairun da tsohuwar takarda ta kira 1720, a lissafin yau 1721 ne. A Satumban 1752 kuma an tsallake kwana 11, daga 2 ga wata aka wayi gari 14.

Akwai kuma masu sayar da takardar Lod a intanet, wasu da sunan ɗan filin da bai kai tabarma ba a Sukotland. Wannan ba sarauta ba ce, kuma ko tsohon laƙabin mai gandu da ake saye da sayarwa bisa doka ba ya mai da mutum basarake. Sayar da sarautar gaske laifi ne tun dokar 1925. Akwai rajistar masu sarauta ta hukuma da aka kafa a 2004, wadda College of Arms, hukumar nasaba da tambarin gidaje ta Ingila, ke wallafawa, da ta masu Sa na gado tun 1910. In suna bai fito a nan ba, bai kuma fito a Gazette ba, kada ka sa shi a takardarka.

Haɗa laƙabin gida da sunan takarda

Dattawa a Birnin Kebbi, Argungu, Gusau da Ƙaura Namoda ba su riƙe Turawa da sunayensu na yanka ba, da laƙabi suka riƙe su. Sa Bryan Sharwood-Smith, wanda ya yi Razdan a Sakkwato kafin ya zama gwamnan Arewa, Mai Wandon Ƙarfe aka san shi. Nasa sananne ne, amma na Di'o da Joji da yawa ba a rubuce suke ba. In dattijo ya ba ka laƙabi, kada ka tambaye shi shekara, ka tambaye shi zamanin wane sarki, wane hakimi, kafin ko bayan wace yunwa ko wane yaƙi. Ka mai da amsar tazarar shekara uku zuwa biyar. Sannan ka je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin lardin Sakkwato, waɗanda ake yi wa lamba da SOKPROF, domin Zamfara da mafi yawan Kebbi a ƙarƙashinsa suke a lokacin. Rahoton shekara na lardi yakan faɗi wanda ya riƙe kowane yanki da watannin da ya yi. Za ka fito da suna biyu ko uku, galibi haruffan farko ne da sunan gida kawai. Colonial Office List zai cika maka sunan, Gazette ya ba ka lambobinsa. In ka ga The Hon. a gabansa, ka koma littafin Burke na shekarun ka nemi ubansa. In ba ka gani ba, ka duba Who Was Who, inda ake faɗin sunan uba da makarantar da mutum ya yi. Ka koma wurin dattijon da sunayen biyu ko uku da abin da ka samu game da kowanne, tsohon soja ne ko farar hula, ya daɗe a yankin ko wata shida ya yi, ka bar shi ya nuna wanda ya dace da mutumin da ya sani.